Tsirkiyar Radovan

A ɗakin ƙasa nake aiki, ƙarƙashin filin,
inda bututun ruwan zafi ke tari duk dare.
Ni ne Ignac, mai ɗaura wa raket tsirkiya.
Shekara goma sha tara na yi wa gasar nan,
ban taɓa ganin wasa ɗaya ya ƙare ba.
Da kunne nake kallo.

Zauren na masu zamiya a ƙanƙara ne.
In Nuwamba ta kama, sai a rufe ƙanƙarar da katako,
a shimfiɗa shuɗiyar darduma, a kafa raga,
garinmu na gindin duwatsun Tatra ya zama na tanis mako guda.
A ciki ba iska, ba rana, ba ruwan sama,
ba wanda za a ɗora wa laifi.
Sai sanyi da ke hawowa ta tafin ƙafa.

Bara waccan Radovan ya sauka daga jirgin ƙasan asuba,
shekara talatin da biyar, gwiwa a naɗe,
raket uku cikin jakar da zif ɗinta ya mutu.
Yaran yanzu takwas-takwas suke kawo mini.
Ya ce, "Kilo ashirin da uku, Ignac. Kuɗin sai Lahadi."
Na ce, "Wa ya ce maka za ka kai Lahadi?"
Ya yi dariya, giɓinsa ya leƙo.

Ya tsallake share fage.
Ya ci Talata, ya ci Alhamis.
Ina ƙasa ina jan zare, rufi yana ba ni labari:
ƙugin takalmi, tsit, sai tafi ya zubo kamar tsakuwa.
Bugunsa daban yake, ba ya ihu,
tum, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya sani.

Daren Juma'a Zdenka ta kira, jikanmu jiki ya yi zafi.
Ina sauri na ga rami ɗaya a bakin raket ɗin ya tsage,
ƙaramin kaifi, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na shafa da yatsa, na ce zai riƙe.
Na ƙulla, na kashe fitila.

Asabar, kusa da na ƙarshe,
shi da Eskil, yaron Suwidin mai shekara sha tara
da ke buga ƙwallo kamar yana binta bashi.
Awa biyu da rabi. Zagaye na uku, shida da shida.
Na ajiye almakashi, na tsaya.
Bugu tara, goma, sha ɗaya,
sai tas!
Na rigayi mutum dubu biyu sani.
Uwa ba ta ɓata kukan ɗanta.
Ƙwallon ta tashi ba linzami, ta faɗa bayan layi,
zauren ya ja numfashi ɗaya, dogo.

Ya sauko da tawul a wuya, gumi na huci.
Na buɗe baki, ya riga ni.
Ya ƙirga kuɗina a kan tebur, har da sulalla,
ya ɗora raket ɗin a kai, tsirkiya ta yi gemu.
"Ɗaura mata sabuwa. Baɗi zan karɓa."
Ya hau matakala yana jan gwiwar hagu.
Ban faɗa masa ba.

Baɗin ta zo, gasar ta koma babban birni.
Dardumar wata makaranta ta saya,
ƙanƙara ta karɓe zaurenta.
An ce yana koyar da yara a wani gari na bakin teku,
wasu sun ce motar haya yake ja.

Ramin na goge shi da ƙaramar zarto, ya yi sumul.
Raket ɗin na rataye sama da injina.
Duk Nuwamba nakan yanke tsohuwar, in ja sabuwa,
kilo ashirin da uku, ba ƙari.
Tsirkiya ko ba a buga ta ba
sakewa take, a hankali, ita kaɗai.